Na yi azumi, na yi addu'a, amma shiru nake ji: in kama shagon ko in bari?

Wasiƙar da ta iso mana a wannan mako, a taƙaice:

"Mama, salama. Ni matar aure ce, shekarata 38, 'ya'yana uku, muna zaune a Kafanchan. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, albashina dubu 35, shi ma wani lokaci sai wata ya raba kafin a biya. Da dare ina ɗinki a gida, mutane kuma suna yabon hannuna. Nan da wata biyu zan kwashi adashe, naira dubu 400, ga kuma wani shago ya fito kusa da kasuwa, mai shi yana jiran amsata. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana. Na yi azumi ina roƙon Ubangiji ya nuna mini ko in bar koyarwa in kama shagon, ban yi mafarki ba, ban ji komai ba. Abin da ke ƙara tsorata ni, a 2023 na yi addu'a, na ji salama a zuciyata, na zuba duk ajiyata a noman citta tare da yayana, cuta ta cinye gonar. Tun daga nan ban ƙara yarda da abin da zuciyata ke gaya mini ba. A zumuntar mata ta majami'armu ina jin mata suna ba da shaida cewa Ubangiji ya ce musu kaza, har hanyar da za su bi zuwa kasuwa. Wata mai addu'a a unguwarmu ta ce ta ga duhu a ƙofar shagon, sai na kawo baiko na musamman ta yi mini addu'ar kwana bakwai. Mama, ko Allah ya daina magana da ni ne? Yaya zan gane nufinsa?"

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da iyalinki.

Da cittar zan fara, domin na lura ita ce ta ɗaure miki ƙafa, ba shagon ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. To amma ki tsaya ki tuna abin da ya faru a daminar nan ta 2023. Duk wanda ke Kudancin Kaduna ya gani da idonsa: ganye ya yi ɗorawa ya bushe, in an tona a tarar saiwar ta ruɓe a ƙasa, daga Kachia zuwa Jaba zuwa Kagarko. Har a shekarar da ta biyo baya irin shukawa ya yi wuya, ya yi tsada. Cutar nan ta ci gonar fasto, ta ci ta limami, ta ci ta wanda ya durƙusa kafin ya shuka, ta ci ta wanda ko hanyar majami'a bai sani ba. Ashe duk manoman nan ne suka kasa jin muryar Allah a lokaci guda? Ba za ki faɗi haka game da maƙwabcinki ba. Don me kike faɗa game da kanki?

An taɓa kawo wa Yesu irin wannan tunani. Ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya tambaya ko ana tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya kuma amsa da kansa cewa a'a (Luka 13:4-5). Hasara ba hujja ba ce cewa mutum ya kauce.

In kina so ki ji wannan daga tarihin da ke kusa da ke, ki tambayi duk wani dattijon ikilisiyar ECWA. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suna da tabbaci cewa Allah ya kira su su kai bishara cikin ƙasar nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aikin ya samu gindin zama a Patigi. Da a ce mahaifiyar Gowans ce ta rubuto mini a 1895 tana tambaya ko ɗanta bai ji daidai ba ne, wace amsa zan ba ta? Amma daga aikin nan ne ECWA ta fito a 1954, ga majami'unta a kowane lungu na garinku. Ban ce gonar citta ɗaya take da aikin bishara ba. Abin da nake so ki gani shi ne, mutum yakan bi Allah da gaskiya, hanyar kuma ta bi da shi ta cikin rashi.

Wannan salamar da kika ce kin ji, kada ki raina ta, amma kada ki ɗora mata nauyin da ba nata ba. Yunusa yana gudun umarnin Allah ƙiri-ƙiri, ya shiga can cikin jirgi ya yi barci mai nauyi, hadari yana neman kifar da su. Ubangijinmu kuwa yana tsakiyar nufin Uba a Gatsemani, ransa yana shan wahala matuƙa, gumi yana zuba. Wane ne a cikinsu ya ji daɗi a zuci a daren nan? Salama kyautar Allah ce don ki iya ɗaukar abin da ke gabanki. Ba ta yi miki alkawarin riba ba.

Akwai dai darasi a maganar cittar, amma ba na kunne ba ne. Kin ce duk ajiyarki kika zuba. Littafin Mai Hadishi ya ce a raba dukiya kashi bakwai, ko ma takwas, domin ba a san masifar da za ta auko wa ƙasa ba (11:2). Wannan kam ki riƙe shi, za mu dawo kansa.

Yanzu shirun. Ina so ki ɗauki Littafi Mai Tsarki a daren yau ki karanta Rut daga farko har ƙarshe. Sura huɗu ne kacal, kafin ruwan shayi ya huce kin gama. Ki nemi mafarki a ciki, ki nemi mala'ika, ki nemi murya daga sama. Ba za ki samu ko ɗaya ba. Abin da za ki samu shi ne gwauruwa baƙuwa, 'yar Mowab, ta iso Baitalami da surukarta a farkon kakar sha'ir, gida ba ko ƙwaya. Ta san shari'ar Allah ta bar wa matalauta da baƙi abin da ya zuba a bayan masu girbi. Ta nemi izinin surukarta Na'omi, ta fita kala. Marubucin ya ce sai ta faɗa gonar Bo'aza, kamar dai a kan katari. Ta yi ta sunkuyo tun safe har yamma, ta sussuke abin da ta tara, ta ɗauka ta kai gida. Daga baya da maganar aure ta taso, ba wahayi ta bi ba, shawarar tsohuwa ta bi, wadda ta san al'adar garin da dokar fansa. Matar nan ita ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, sunanta kuma yana cikin asalin Almasihu a surar farko ta Matiyu.

Ki yi tunanin safiyar nan da ta fito. Gonaki ne birjik a gabanta, ba ta san na wane ne wannan ba, na wane ne wancan. Da ta tsaya a bakin hanya ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai an nuna mata a mafarki, da yunwa ta kwana da su ita da Na'omi. Ta yi abin da ke daidai, abin da hankali ya ba ta, Allah kuma yana bi da sawunta ba tare da ta ji komai a jikinta ba. Sai da aka gama aka waiwaya, sannan aka ga hannunsa. Yawancin bi da Allah ke yi da 'ya'yansa haka yake zuwa, kuma na fi zaton irinsa yake yi da ke yanzu.

Ko Bulus, da ya ga wahayi fiye da kowa a cikinmu, ba kullum yake samun sa ba. A Ayyukan Manzanni sura 16 ya nufi Asiya, aka hana shi. Ya juya zai shiga Bitiniya, aka hana shi. Ya yi ta tafiya har ya ƙure a bakin teku a Taruwasa, a nan ne ya ga mutumin Makidoniya yana roƙo. Yana kan tafiya aka juya shi, ba a zaune ba. Da ya haye Filibi kuwa, wadda ta fara karɓar maganar 'yar kasuwa ce, Lidiya mai sayar da tufafin shunayya. Wannan Bulus ɗin ne ya rubuta wa Korantiyawa cewa watakila zai daɗe a wurinsu, ko ma ya ci damuna da su, in Ubangiji ya yarda. Manzo guda yana cewa watakila! Ke kuma kina hukunta kanki don ba ki da tabbas a kan shago.

Na san za a ce miki ai Gidiyon ya shimfiɗa ulu ya roƙi alama, aka ba shi har sau biyu. Gaskiya ne. Amma Allah ya riga ya gaya masa abin yi a fili, shi da kansa kuma da zai roƙa karo na biyu sai da ya ce kada Allah ya yi fushi da shi. Labarin haƙurin Allah ne da mai tsoro, ba darasin yadda ake yanke shawara ba. (Tun da muna nan, bari in tsoma baki kan masu rufe ido su buɗe Littafi su dangwala yatsa, duk ayar da ta fito ita ce amsa. Kada ki fara. Maganar Allah ba kuri'a ba ce. Kuri'ar ƙarshe da aka jefa a Sabon Alkawari ita ce ta zaɓen Matiyas, kafin Fentikos. Bayan zuwan Ruhu Mai Tsarki ba mu ƙara jin ta ba.)

Game da 'yan'uwanki na zumunta, ba zan ƙaryata kowa ba. Allah yana magana ta mafarki in ya ga dama. Haka ya yi da Yusufu mijin Maryamu har ya tsere da jaririn zuwa Masar. Amma ki lura da abu biyu. Shaida, bayan abu ya yi kyau ake tashi a ba da ita. Ba wadda ke miƙewa ranar zumunta ta ce, "'Yan'uwa, na yi wata uku ina addu'a ban ji komai ba, ku ce Haleluya." Masu irin wannan suna nan zaune kusa da ke a kan benci, sanye da zane iri ɗaya da naki, sun yi shiru kamar yadda kika yi. Sannan kuma salon magana ne ya zame mana jiki. Sau da yawa in mace ta ce Ubangiji ya ce mata ta bi ta wancan layi, abin da ya faru shi ne tunani ya zo mata, ta bi, ya yi kyau, ta gode wa Allah. Daidai ne ta gode. Ni dai na fi son lafazin Nehemiya, wanda ya yi maganar abin da Allahnsa ya sa a zuciyarsa ya yi wa Urushalima, amma duk da haka ya fita da dare a kan dabbarsa ya zagaya ya duba rusasshen garun da idonsa kafin ya buɗe baki ga kowa. Sunan Allah yana da nauyi, ba a rataya shi a kan kowane tunani.

Mai addu'ar unguwarku kuwa, a nan ba zan yi kwana-kwana ba. Kada ki kai mata ko kwabo. An umarce mu kada mu raina annabci, amma a numfashi guda aka ce mu gwada kowane abu (1 Tasalonikawa 5:20-21), Yahaya kuma ya ce kada mu gaskata kowane ruhu. To mu gwada. Elisha ya warkar da Na'aman daga kuturta, mutumin ya zo da azurfa da zinariya da riguna, annabin ya rantse ba zai karɓi komai ba. Gehazi baran Elisha da ya bi Na'aman a guje ya karɓa, kin san yadda ya ƙare: kuturtar ta koma kansa. Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Annabi Mika ya yi kuka da annabawan da ke duba don kuɗi, masu shelar salama ga wanda ya sa musu abu a baki, su kuma ɗaura yaƙi da wanda bai sa ba. Yesu ya ce kyauta aka samu, kyauta za a bayar. Duk inda aka fara da tsoratarwa aka ƙare da farashi, to ko da sunan Yesu ake yi, tsarin na boka ne. Ki tambayi kanki ma: yaushe ta ga duhun nan, kafin labarin adashenki ya zaga unguwa ko bayan haka?

Ba sai kin yi faɗa da ita ba. Ki gaishe ta in kun haɗu, ki ce kin gode, kin sa abin a addu'a tare da maigidanki. In ta matsa, ko ta fara cewa wani abu zai same ki in kin ƙi, ki kai maganar wurin Uwar Zumunta ko fastonku, domin ba ke kaɗai take gaya wa irin wannan ba. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu, kuma ba ya karɓar kuɗin layi.

To, in ba mafarki, ba mai wahayi, da me za ki yanke? Ki fara da wannan tambaya: a cikin biyun nan akwai zunubi? Koyarwa ba zunubi ba, ɗinki ba zunubi ba. Tabita ta Yafa da allura ta yi wa Allah hidima, har gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Tun da haka ne, ba tarko Allah ya ɗana miki ba, da ƙofa ɗaya ta albarka ɗaya ta la'ana, ya ɓoye yana kallo ko za ki canka. Zaɓi ne na hikima, hikima kuwa an yi alkawarin ba da ita ga wanda ya roƙa, ba tare da gori ba (Yakubu 1:5). Ki sauya roƙon. Maimakon "nuna mini alama", ki ce, "Ba ni hikima, ka tsare ni daga kwaɗayi da tsoro, in akwai abin da ban gani ba ka sa in gani." Daga nan ki ɗauko littafin rubutu da biro. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Yesu ne ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafin kuɗin tukuna (Luka 14:28), macen kirki ta Karin Magana 31 kuma sai da ta duba gona ta auna sannan ta saya.

Ki rubuta ɗinkin da kika yi a watanni shida ko goma sha biyun da suka wuce, wata-wata. Ba kuɗin da aka miƙo miki ba, abin da ya rage bayan kin cire zare, zif, lilin, maɓalli, gawayin guga da gyaran keke. Ki ware waɗanda har yau ba su biya ba, domin yabon hannu daban, biyan kuɗi daban, kuma 'yan'uwa na majami'a sun fi kowa iya cewa "Allah ya sa albarka" su ɗauki kaya su tafi. Kada Disamba ta ruɗe ki. Kowace tela sarauniya ce daga tsakiyar Nuwamba zuwa jajiberin Kirsimeti, haka ma gab da Ista, da lokacin Salla in kina da masu kawo miki, da Satumba in kin samu kayan makaranta. Watannin da za su gaya miki gaskiya su ne Janairu da Fabrairu, lokacin da aljihu ya bushe ga kuɗin makaranta, da kuma tsakiyar damina, lokacin da kuɗin kowa ya tafi taki.

A ɗaya shafin ki rubuta abin da shagon zai ci. Haya ta shekara, da na dillali, da na rubuta yarjejeniya. Teburin yanka, benci, madubi, ƙofa da kwaɗo in suna son gyara. Kuɗin wuta, na mai gadi, harajin ƙaramar hukuma, kuɗin mashin zuwa da dawowa. In kina tunanin janareto, ki tuna yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Sai kuma babban abin da mata da yawa ke mantawa: adashe ba kyauta ba ne. In ba ke ce ta ƙarshe ba, ranar da kika kwasa kin zama mai bashi, zubi yana jiranki kowane wata. Yanzu daga albashi kike zubawa. In kin ajiye alli, daga ina zai fito a watan da keke ya kwana uku bai motsa ba? In amsar ita ce za ki ci bashin nan na mako-mako ko na manhajar waya don ki cike, to lissafin ya riga ya ba ki amsa, ba sai kin yi mafarki ba.

Kada kuma ki ɗauka zama a makarantar ba shi da tasa hasarar. Dubu 35 rabin mafi ƙarancin albashi ne, dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kuma ba ya zuwa a kan kari. Shekarunki na ƙarfi suna tafiya, idonki na ɗinkin dare ma yana da iyaka. Mai Hadishi ya ce mai duban iska ba zai yi shuka ba, mai kallon gizagizai ba zai yi girbi ba. Amma ki duba ko ana rage miki kuɗin makarantar yaranki saboda kina koyarwa a wurin; in ana yi, wannan ma albashi ne, ki sa shi a lissafi.

Duhun da ya kamata ki bincika a ƙofar shagon nan, da ido ake ganinsa. Me ya fitar da wanda ya bar shi? Rufin yana yoyo? Ruwa yana shiga in an yi mamako? An taɓa fasa shagunan layin? Teloli nawa ne a wurin, kuma me suke ɗinkawa? Wanda ke karɓar kuɗin, shi ne mai shagon, ko ɗan gida ne da gobe 'yan'uwansa za su zo su ce ba da saninsu ba? Ki je da safe, ki je da yamma, ki je ranar da ba ta kasuwa ba, ki zauna ki ga ƙafar da ke wucewa. Ki nemi tsohuwar tela mai tsoron Allah wadda ta daɗe a shago, ki kai mata gaisuwa, ki buɗe mata littafinki. Da ɗan gari akan ci gari. In za ki biya, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, ki karɓi rasit.

Maigidanki ya kyauta, Allah ya sa masa albarka, ba kowace ke samun irinsa ba. Amma "duk abin da kika zaɓa" magana ce mai daɗi da ke barin mace ita kaɗai da kaya a ka. Ki zaunar da shi bayan yara sun yi barci, ki ajiye littafin a tsakaninku, ki tambaye shi kai tsaye: in shagon bai kawo komai ba har wata shida, abin da yake samu zai riƙe abinci da kuɗin makaranta? In ya ce zai riƙe, ku yi addu'a tare ku yanke tare. In ya yi shiru yana susar ƙeya, wannan ma amsa ce. Abin da ake gudu shi ne ranar da abu ya yi tsami a ce "ai ke kika ce".

Kin tambaye ni, don haka ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne, ba "in ji Ubangiji" ba. Ban ga dalilin da zai sa ki saki reshe ki kama ganye a rana guda ba. In haya da kayan shagon ba za su ci fiye da rabin adashen ba, ki kama shi, ki ajiye sauran inda hannu ba ya saurin kaiwa. Ki ci gaba da koyarwa har ƙarshen shekarar karatu, kina buɗe shago daga tashi makaranta zuwa magariba da kuma Asabar, ki sa yarinya amintacciya mai koyo ta riƙa karɓar kaya da safe. Za a ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ai kin daɗe kina tauna su, da dare ma kuwa. Zuwa Yuli littafinki zai gaya miki ko shagon ya isa ya ɗauke ki. In kuwa hayar za ta lashe kuɗin duka, ki bar shi ya wuce ba tare da baƙin ciki ba, ki sayi keke mai kyau da injin gyaran baki, ki ƙara shekara guda a gida kina tara masu kawo ɗinki. Shaguna ba su ƙare a Kafanchan ba.

Mai zabura ya kira maganar Allah fitila ga ƙafafunsa. Ke da kika san aci-balbal kin san iyakar haskenta: taku ɗaya ko biyu, sai kin taka sannan na gaba ya bayyana. Takun da ke gabanki kuwa a haske yake, domin akwai nufin Allah da ba ya bukatar azumi kafin a gane shi. Kada ki ce wa mai kaya "gobe" alhali ko yanka ba ki yi ba. Ki mayar da ragowar yadi, ko da ƙyalle ne, sai in mai shi ta ce ki riƙe. Kada ki karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da ƙarfinki ki sa yarinya kuka ranar 25 ga wata. Yarinyar da za ta koya a hannunki, ki koya mata da gaske, kada ki mai da ita 'yar aike da wanke-wanke. Ranar da za ki bar makarantar, ki ba da sanarwa da wuri, kada ki watsar da yaran mutane a tsakiyar zango, ko da su masu makarantar ba su kyauta miki a biya ba. Ki biya zubinki a ranarsa. Mu mata mukan kwana muna roƙon Allah ya bayyana abin da ya ɓoye, alhali wanda ya bayyana yana nan muna tsallake shi.

Kuma ki sani tun yanzu, shagon nan yana iya tafiya, yana iya ƙi, ko da kin yi komai daidai. In ya ƙi, kada ki sake zama ki ce Allah ya juya miki baya. Yakubu bai hana 'yan kasuwa shirin zuwa gari kaza su yi shekara su ci riba ba. Abin da ya ce su ƙara shi ne "in Ubangiji ya yarda".

Ki je wurin mai shagon a wannan mako ki roƙi mako biyu. In ya ƙi jira, ki bar shi. In ya yarda, ki sa wa kanki rana, ki gaya wa maigidanki ranar, in ta zo ku yanke, kada ki ƙara ɗagawa da sunan jiran alama. Ki gaishe mini da shi da yara. In kin gama lissafin ki aiko mini, musamman na Fabrairu da na Agusta, su nake so in gani.